Shin Mutum Zai Iya Zama Alƙalin Kansa?

Yau tambaya na zo miki da ita, kuma a kan allon shaɗaranji na tsinto ta, wato darar nan mai gida 64 da wasu ke kira darar Bature, alhali daga Indiya ta taso, ta bi ta Farisa ta shigo hannun Musulmi, sannan ta isa Turai.

Na san za ki ce ina ruwanmu da wannan wasa, ga shi Risala da muka karanta a Islamiyya ta hana. Haka ne. A mazhabar Imamu Shafi'i kuma makaruhi ne, muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Fatawa sai malamai. Ni wata ɗabi'a ta masu wasan ce ta tsaya mini a rai.

Akwai 'yar ƙanwata da ta koyi wasan ita kaɗai a waya, babu malami. Kullum aka cinye ta sai ta ce, "Wallahi Inna, ban ga dokinsa ba ne." Wata shida tana faɗin haka, ba ta gaba ba ta baya. Daga baya ta sayi littafin rubutu, ta fara abin da gwanaye ke yi: in an gama wasa, ta koma taku na farko ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta abin da ke ranta lokacin da ta yi kowanne. Mikhail Botvinnik, ɗan Tarayyar Sobiyet da ya zama zakaran duniya a 1948, wannan hanya ya riƙa koya wa ɗalibansa, har yana cewa a wallafa sharhin domin wasu su kushe.

To abin da ta gano shi ne, inda aka cinye ta daban, inda ta faɗi daban. Dokin da ta ce ba ta gani ba a taku na 30 ya zo, amma ƙofar tun a taku na 14 ta buɗe masa, lokacin da ta yi kwaɗayin cin soja guda ta bar sarkinta a fili. Yanzu ki tuna rigimarki ta ƙarshe da abokiyar zama ko dangin miji. Idan muna ba da labari, daga baƙar maganar da aka yaɓa mana muke farawa. Wa ke farawa daga gaisuwar da ta amsa a daƙile tun ranar Talata?

A nan tambayar take. Wadda ta yi kuskuren ita ce ke binciken, da ƙwaƙwalwa guda da son zuciya guda. Mai ƙara, wadda ake ƙara da alƙali duk mutum ɗaya, ina shari'a? Wasu za su ce ai yanzu an huta, akwai manhaja irin su Stockfish da ta fi kowane ɗan Adam iya wasan, cikin daƙiƙa za ta nuna miki inda kika ɓata. Tana nunawa kam. Sai dai ba ta san dalili ba. Ba za ta ce miki tsoro ne ya sa kika ja da baya, ko raini ne ya sa kika yi gaggawa ba, wannan ke kaɗai kika sani. Shi ya sa masana wasan ke cewa ki fara rubuta naki tunanin tukuna, sannan ki kunna na'ura. Wadda ta fara da na'ura, da ta ga amsa sai zuciya ta raɗa mata, "Ai da ma na yi niyyar haka."

Ni a ganina mutum zai iya yi wa kansa shari'a, amma da sharaɗi: ya rubuta shaida tun zuciya ba ta gyara labarin ba, kuma ya yarda wani ya duba hukuncin. Magabata sun san wuyar abin. Harisul Muhasibi, malamin da ya rasu a Bagadaza a 857, yawan yi wa kansa hisabi ne ya jawo masa wannan laƙabi. Sai dai a kiyaye, hisabi daban, azabtar da kai daban. Wadda ta kwana tana cewa "ni ba ni da amfani" ba ta binciki komai ba, domin ba ta nuna takun da za ta gyara gobe ba. Kuma kada misalin ya yi nisa: a gida, wadda ke gabanki ba abokiyar gaba ba ce, babu wanda ake son a cinye.

Mafi wuya shi ne binciken wasan da kika ci, tunda babu zafin da zai tura ki. Makon jiya na leƙa littafin yarinyar nan, na ga ta yi alamar tambaya biyu a gefen wani taku, alamar mummunan kuskure ke nan a wurinsu. A ƙasa ta rubuta, "Ban lissafa komai ba, na raina shi ne. Da ya lura da sarauniyata ta tafi." Na duba ƙarshen shafin, ashe ita ta ci wasan.