Da Me Za Mu Tuna Da Wanda Ruwa Ya Ci?

A cikin bukin ƙaramar Salla ta 2022 wani kwale-kwale ya kife a ƙasar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, ruwa ya ci mutane, yawancinsu yara. Al'adarmu a irin wannan ita ce a yi jana'iza, a zauna makoki, a yi sadakar uku da bakwai, kana kowa ya koma gonarsa. To, bayan nan fa, da me gari zai tuna da su?

Turawa gini su kan yi. Mungo Park, wanda Kwara ta ci a Busa cikin 1806, an kafa masa hasumiya a Jebba. Mu ba mu bin wannan hanya, ko kaburburanmu ba mu ɗaukaka su. Malamanmu sun koya mana cewa wanda ya nutse shahidi ne, abin da ke isa gare shi kuwa addu'a ce da sadaka mai gudana, watau rijiya, ko masallaci, ko itacen inuwa. Ba kuwa tuni ne ba mu iya ba. Kusugu rijiya ce kurum, amma wane yaro ne a Daura bai san labarin Bayajida ba?

Amma fa akwai abin da ke damunmu. Sau da yawa kalmar shahada da ta ƙaddara, waɗanda aka ba mu don su sanyaya zuciyar iyaye, mu kan mai da su murfi, mu rufe zancen da su. Lalle ajali ba ya wuce lokacinsa. Duk da haka wani ne ya zuba fasinja fiye da ƙima, waɗansu kuma suka gani suka yi shiru. Ladan shahada na mamaci ne, ba ya wanke sakacin masu rai.

Saboda haka a ganinmu wurin tunawa da su shi ne bakin ruwan nan da suka shiga jirgi. Hakimi da dagatai su yanka adadin da kowane jirgi zai ɗauka. Masu hali su sayi rigunan kariya daga nutsewa, su ajiye su sadaka da sunan mamatan. Mu malaman makaranta ma ba mu kuɓuta ba, gama muna koya wa yara sunayen kogunan duniya, ba mu koya musu iyo. Kowace ƙaramar Salla sai a tara yara a wurin, a karanta sunayen, a yi addu'a, a ƙirga rigunan a ga ko sun cika.