Raina Mai Saye

Ga wata tambaya da za mu tattauna: in mutum ba shi da wurin sayayya sai rumfarka, mi ya wajaba a kanka game da shi? Labarin motocin ƙasar Indiya ne ya jawo mini wannan tunani.

Shekara da shekaru gwamnatin Indiya ta rufe ƙofa ga motocin waje, don kamfanonin gida su samu su girma. Niyya ce mai kyau, kamar mai dashen mangwaro da ya yi mishi shinge saboda awaki. To, amma mi ya faru? Kusan motoci biyu kaɗai ake gani bisa titi: Ambassador, wadda aka kwaikwayo daga wata motar Ingila, da Padmini, wadda asalinta Fiat ce ta Italiya. Mai son mota sai ya rubuta sunanshi, ya yi shekaru yana jira. Ran da ta iso, ko ƙofarta ba ta rufuwa da kyau, godiya zai yi. Masu ƙerawa ba su ga dalilin gyara ba, tun da kowa layi yake bi. Dashe ya ji daɗin shinge, ya ƙi girma.

A 1982 gwamnati ta haɗa gwiwa da Suzuki na Japan, a 1983 aka fito da ƴar ƙaramar Maruti 800, mutane suka yi mata caa. A 1991 kuɗin waje suka kusa ƙare ma ƙasar, sai gwamnatin Narasimha Rao, da ministanta na kuɗi Manmohan Singh, ta buɗe kasuwa. A 1993 buɗin ya kai ga motoci.

Baƙi suka kwararo: Daewoo, Ford, General Motors, har da Peugeot, wadda muka sani nan da 404 da 504. Sai dai wasu sun zo da nasu rainin. Peugeot ta kawo 309, motar da ta riga ta tsufa a Faransa, wai ai mai yunwa ba ya zaɓen tuwo. Ga rigima da ma'aikata, ga asara. A 1997 ta naɗe tabarmarta. Hyundai ta Koriya kuwa sai da ta duba aljihun mutane da cunkoson titinsu. A 1998 ta fito da Santro, ƙarama, mai tsawon rufi, mai shan mai kaɗan, ta samu karɓuwa ƙwarai.

Wane raini ya fi muni? A ganina na ɗan gida. Baƙo in ya raina ka, kana iya juya mishi baya, kuma mutanen Indiya sun juya. Amma ɗan gida, doka ce ta ɗaure ka ta miƙa mishi, da sunan kishin ƙasa. Wannan amana ce, ba ciniki kaɗai ba, kuma ya ci ta.

Duk da haka ba na yin guɗa. Lokacin da aka tsai da ƙera Ambassador a 2014, a masana'antar Uttarpara kusa da Kolkata, wa ya rasa abincinshi? Masu ɗaure kusoshi da masu fenti, waɗanda ba a taɓa tambayarsu irin motar da za a ƙera ba. Masu kamfanin su ko sun samu na sayarwa: a 2017 Peugeot ɗin nan da ta gudu ta dawo, ta sayi sunan Ambassador.