Motar da Kwanakinta Suka Kusa Ƙarewa a Gana



Tambayar wannan fitowar a waya aka yi mini ita, ina tsakiyar auna wa wata mata wake a shago. Ɗan wani aminina ne ya kira daga Akra. A gabanmu ya girma a nan Agege, yanzu shekara biyu ke nan da ya koma Nima yana sayar da kayan waya. Da ya zo bikin ƙanwarsa sai ya sayi mota tokumbo a nan Legas, takardunta lafiya lau, ya tuƙa abarsa ta Seme, Kwatano, Lome, ya shiga Gana ta Aflawo.

Ga wanda bai taɓa bin hanyar da mota ba, ga yadda abin yake. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda motar gida mai lambar wata ƙasar ƙungiyar ta shiga wata ta zauna, amma kada ta wuce kwana 90. Ta haya kuwa kwana 15 ne. Za ka nuna lasisin tuƙi, da takardar mallakar mota, da inshorar da ake amsa a ƙasashen, wato wadda ake kira Brown Card, sai kwastan su ba ka takardar shiga ta wucin gadi. Ma'anar takardar ita ce motar baƙuwa ce, za ta koma inda ta fito. In wa'adi ya cika hanya biyu ce: ko ka fitar da ita, ko ka biya kuɗin fito ka yi mata rajista, a ba ta lambar Gana.

Yaron ya tambayi kuɗin fiton, ya ji ba zai iya ba. Saura masa kwana goma sha biyu. Sai ga wani dillali da hanya ta uku: akwai wata mota irin tasa sak, launi ɗaya, ƙira ɗaya, za a buga masa lambarta da kwafin takardunta a kan kuɗi kaɗan, shi ke nan ya huta. Abin da ya ce mini shi ne: "Baba Liman, gwamnatin nan ba tawa ba ce, ban zaɓe ta ba, kuma ba da shari'a take hukunci ba. In na kauce mata, haƙƙin wa na ci?"

Ban amsa masa nan take ba, don maganar tasa tana da ƙafa. Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin fitar da kuɗin da ba ka ga abin da aka yi maka da shi ba. Malamai ma tun dā sun yi ta magana a kan harajin da ake karɓa a hanyoyin fatake, da yawansu sun tsananta a kan wanda ake karɓa da zalunci. Kuma ni kaina an taɓa tsare ni a wani shinge a wannan hanyar, takarduna cif, ba a bar ni na wuce ba sai da na ajiye wani abu. Ban ɗauki wannan zunubina ba, don haƙƙina na fansa. To amma fa ba shi ne halin yaron nan ba. Ni na biya ne a bar ni da abin da yake nawa, shi kuwa zai biya ne a ba shi abin da ba nasa ba.

Da na kira shi da daddare, gwamnati na ajiye gefe, na tambaye shi abu ɗaya. Na ce, ɗana, ranar da ka tsaya a Aflawo, wa ya riƙe hannunka ka sa a takardar nan? Ya ce babu. Na ce to ka yi alkawari ke nan, kuma da alkawarin aka buɗe maka ƙofa. Alkawari ba ya tambayar addinin wanda aka yi wa, ba ya tambayar ko ka jefa masa ƙuri'a. Sahabi Huzaifa da mahaifinsa, Ƙuraishawa sun tare su a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yaƙe su ba. Da Badar ta zo, Musulmi 'yan kaɗan, ana bukatar kowane hannu, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa suka koma don a cika alkawarin nan. Ka ga kuwa abokan gaba ne aka yi wa. A kan irin wannan malaman fiƙihu suka ce wanda ya shiga ƙasar wasu da amana bai halatta ya ha'ince su ba. Biza da tambarin fasfo da takardar mota, ai duk amanar ce ta zamaninmu.

Sai ya ce, "To Baba, ai takarda ce kawai, ba wanda zai cutu." A nan ne na ɗan ɗaga murya, Allah ya yafe mini.

Lambar mota ba don mai mota aka yi ta ba, shi ya san motarsa ko da duhu. An yi ta ne don mutumin da ba ka sani ba, wanda wata rana za ka iya bugewa a titi. Mota tana kisa ko da mai ita mutumin kirki ne, kuma mun karanta tun a Islamiyya cewa kisan kuskure yana da diyya da kaffara. To, a ce ka buge yarinya mai tallan ruwa, mutane suka rubuta lamba. Gidan wa 'yan sanda za su je? Gidan mai motar asali, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. In kuma kai aka kama a wurin, kamfanin inshora zai duba lambar jikin motar ya ga ba ita ce a takarda ba, ya zare hannunsa, iyayen yarinya su tashi a tutar babu. Na san akwai saɓanin malamai a kan inshora ita kanta, ba shi nake warwarewa a nan ba. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da kake baƙo, ba dangi kusa da za su haɗa maka diyya, takardar nan ce ke tsaya wa wanda ka raunata.

Akwai kuma ranar sayarwa, don ba wanda ke mutuwa da mota ɗaya. Za ka gaya wa mai saye lambar ta aro ce? In ka faɗa ba zai saya ba. In ka ɓoye, algus ne, daidai da wanda ya sa jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu. Kuma wa zai saya? Mai yiwuwa wani ɗan zango ne da ya yarda da kai saboda kuna sahu ɗaya a masallaci.

Wannan ya kawo ni kanmu, mu mazauna unguwannin baƙi. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, madugu ne ke shiga gaba ya daidaita da sarakunan hanya a kan abin da ayari zai biya. Ba don daɗi suke biya ba, sun san za su sake biyowa baɗi. Baƙo ba ya laifi shi kaɗai. In aka kama mota ɗaya da lambar bogi a Nima, gobe duk mai doguwar riga da hula sai an buɗe masa but. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, mu ma a 1983 muka yi wa mutanensu irin haka. Ranar da iska ta juya, takarda ake tambaya, ba a tambayar shekarun da ka yi kana zaman lafiya da maƙwabta.

Ban ɓoye masa ba cewa shawarata za ta ci masa kuɗi. Ta kuwa ci. Ya fito da motar saura kwana uku, ya sha man hanya da wahalar iyaka uku, yanzu tana ƙofar gidan mahaifinsa an ɗora mata galan a kai alamar sayarwa, kuma tayin da ake yi bai kai abin da ya saya ba. Shi ya koma Akra yana hawan motar haya da 'yan can ke kira tirotiro. Ya ce in ta fita zai ƙara abin da ya tara ya sayi ƙarama a can mai lambar Gana. Da muka yi waya ranar Juma'a ya gaishe ni da ladabi, amma na ji a muryarsa bai gama hucewa ba. Mai bukatar motar ya same ni a shago bayan la'asar, takardunta na asali suna hannuna.