Koyil Ne Ko Ramin?

Maigidana yana da wata tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux mai injin fetur, silinda huɗu, wadda yake ɗaukar kayan aiki da ita. Ta girmi 'yarmu ta biyu. A bazarar da ta wuce, lokacin da zafin Doha ke haura digiri 45, sai ta fara wani hali. In aka tsaya a danja a titin Salwa, sitiyari ya dinga rawa, injin yana tari kamar mai asma. In ka taka ta sai ta yi nauyi kafin ta ɗauka. Makanikan gida suna cewa mota tana misin.

Wajen farko da ya kai ta, ba a tambayi komai ba. An canza fulogi huɗu, an canza filtar mai, an karɓi kuɗi. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Da ya koma, sai aka ce ai koyil ne, a sayo huɗu sababbi. A nan ya ja baya, wani abokinsa ya tura shi wajen wani dattijo ɗan Sudan a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Ranar ba ni da aiki, sai na bi shi a tawa motar don in dawo da shi idan aka riƙe tasa. Aka ba ni kujerar roba a inuwa, na zauna ina kallo.

Dattijon ya jona ta a kwamfuta, ta nuna P0303. Lambar tana nufin silinda ta uku ce ba ta ƙona mai daidai. Da P0300 ce, da matsalar yawo take yi tsakanin silindoji. To amma lambar ba ta faɗi dalili ba, wurin ciwon kawai ta nuna, kamar majinyaci ya dafa ciki ya ce nan ne. Silinda tana buƙatar wuta, da mai, da iska, da ƙarfin matse su. Ko ɗaya ya gaza, sakamakon iri ɗaya ne.

Abin da ya yi daga nan shi ya hana ni barci. Ya cire koyil na uku ya mayar da shi silinda ta ɗaya, ya kawo na ɗaya ya sa a ta uku. Ya goge lambar, ya zagaya da motar, ya dawo. In laifin koyil ne, lambar za ta bi shi ta zama P0301. Ba ta bi shi ba, tana nan a uku. Ya yi haka da fulogi, ya yi da nozil, duk ɗaya. Sai ya ɗauko ma'aunin matsin iska, ta uku ta nuna ƙasa sosai da 'yan'uwanta. Ya ɗiga mata ɗan baƙin mai ya sake aunawa, allurar ba ta tashi ba, ya ce to ba ringi ba ne, bawul ne ya ƙone. Duk koyil ɗin da ka sa a ramin nan, ko daga kwali ka fito da shi, sunan lalatacce zai samu.

Ni kuwa tunanina ya tafi Kano, wajen autanmu.

Shekara bakwai da gama karatunsa, har yau yana ɗakin zaure. An sa shi a shagon kawu a Kofar Ruwa, wata biyar ya bari. An haɗa masa jari, ya narke. Yana kwana har hantsi. A gidanmu an gama yanke masa hukunci: malalaci ne, hali zanen dutse. Ba zan ɓoye ba, ni ma na faɗa, kuma da ƙarfi, domin daga albashina jarin ya fito, kuɗin tsayuwar dare goma sha biyu-biyu.

Tambayar da nake yi wa kaina tun daga garejin nan ita ce: ya halatta ka yanke wa mutum hukunci a kan halinsa alhali a rami ɗaya kaɗai ka taɓa ganinsa?

Mu da ke zaune a waje ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan tambaya, don mu ne koyil ɗin da aka canza wa wuri. Zan ba da misali da kaina ko da ba daɗi. Lokacin da nake aiki a wani asibiti a gida, akwai daren da nake riƙe da majinyata sama da talatin ni kaɗai, ba wuta, safar hannu sai mai jinya ya sayo. Ina da faɗa a lokacin. Na taɓa daka wa wata tsohuwa tsawa don ta kira ni sau uku, har yau ina ganin fuskarta. Duk wanda ya san ni a ɗakin nan zai rantse muguwar nas ce. Yanzu a nan, da majinyata kaɗan a hannuna da kayan aiki a kabad, ana rubuta min takardar yabo a kan haƙuri. Wace ce ni a ciki? Ban sauya zuciya a filin jirgi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai kada in yi wa kaina sauƙi. A wancan ɗakin akwai wata sista da muke aiki tare, wahala ɗaya, albashi ɗaya, ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba. Rami ɗaya muke, ita tana ba da wuta. Kenan wurin ya bayyana dalilin faɗana, bai wanke ni ba. Nan ne mutum ya bambanta da ƙarfe: koyil ba shi da zaɓi, ba kuma za a tambaye shi gobe kiyama ba. Kuma mun ga waɗanda aka kawo nan ƙasar da guminsu da na iyayensu, lambar ta biyo su har Doha. Gwajin yana fitowa ta ko'ina.

Wata matsalar kuma, canza wa koyil wuri minti biyu ne da sifana ɗaya. Canza wa mutum wuri kuwa biza ce, da tikiti, da dillalan da ke cinye kuɗin mutane. In ya zo ba da sana'a a hannu ba, mafi ƙarancin albashi da dokar Qatar ta sa tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aikin bai bayar da su ba. Gaskiya ne tun 2020 ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki ba sai da takardar amincewar ubangidansa ba, amma zafin rana bai sauya ba, haka ɗakin kwana na mutum da yawa. Ba kowane ɗan'uwa za ka yi gwaji da rayuwarsa haka ba.

Kuma barin abin yadda yake ba kyauta ba ne. Dattijon ya gargaɗi maigidana cewa man da silinda ta uku ba ta ƙona ba yana gangarawa salansa, ya je ya ƙone a cikin abin nan mai tace hayaƙi da makanikan gida ke kira indomi, har ya narkar da shi, kuma ya fi bawul tsada. Sauran ukun suna jan motar, shi ya sa kake ganin kamar ana tafiya. A gidanmu na san inda ɗanyen man yake ƙonewa. Hawan jinin Hajiya ba daga gishiri kaɗai yake ba.

Da na duba, abin da muka yi wa Auta shi ne aikin garejin farko. Mun yi ta canza kaya: ga shago, ga jari, har an fara maganar a yi masa aure ko zai nutsu. Ba wanda ya auna komai. Ni da na yi digiri a kan kada a ba da magani kafin a binciki majinyaci, ban taɓa tambayarsa yadda yake barci ba, ko me ya sa ya daina zuwa ƙwallo, alhali na san kwanan hantsi da janyewa daga mutane suna cikin alamomin ciwon damuwa. Da baƙo ne a gadon asibiti, da tuni na rubuta a fayil.

Daren Juma'a bayan na sauko daga aiki na kira shi. Ya ɗauka da muryar mai jiran faɗa.

"Yaya, ina wuni. In maganar kuɗin nan ce..."

Na ce ba ita ba ce. Na ce, "Auta, shagon kawu, me ya faru a can? Ban taɓa jin naka bakin ba."

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Can ya ce, "Yaya, kina da lokaci? Don da tsawo."

Na ce ina da shi. Na tashi na rufe ƙofar ɗaki saboda yara.