Kura Da Shan Bugu: Shin Garba Lawal Ya Cancanci Shiga Sahun Gwaraza?

A zangon karatun da ya wuce, muka yanke shawara a makarantar sakandaren da nake koyarwa cewa za a raɗa wa kofin gasar ƙwallon ƙafa ta azuzuwa sunan wani tsohon ɗan wasan Nijeriya, domin yara su sami abin koyi. Da aka zo zaɓen suna a ɗakin malamai, wannan ya ce Yekini, wancan ya ce Kanu, wani ya ce Okocha. Ni kuwa na ce Garba Lawal. Sai malamin lissafi ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ƙwallo nawa ya ci?" Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar tambayar nan take ci mini tuwo a ƙwarya, domin a gaskiya tambaya ce a kan mizanin da muke auna mutum da shi bayan ya gama aikinsa.

Bari in tuna wa mai karatu ko wane ne wannan bawan Allah. An haife shi a Kaduna a 1974. Yana cikin tawagar da ta ciwo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya je gasar cin kofin duniya a 1998 da 2002, ya kuma halarci gasar cin kofin Afirka sau huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2006. Aikinsa a fili shi ne toshe ɓaraka: yau a sa shi tsakiya, gobe gefen hagu, jibi a mayar da shi baya, kuma duk inda aka ajiye shi zai riƙe.

Ina saurayi na kalli wasanmu da Sifen na ranar 13 ga Yunin 1998, a gaban talabijin ɗin wani maƙwabci a Wurno. Sifen na gaba da ci biyu da ɗaya lokacin da Garba ya kutsa ta hagu ya shimfiɗo ƙwallo, mai tsaron gidansu Zubizarreta ya taɓa ta, ta faɗa raga. Bayan minti biyar Sunday Oliseh ya narka ta uku daga nesa. Har gobe bugun Oliseh ake tunawa. Ita kuwa wadda ta farfaɗo da mu, wasu kundaye ma sun rubuta ta a matsayin cin gida na Zubizarreta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Wannan gardama ba mu kaɗai muka taɓa yin ta ba. A Amurka akwai wasan besbol, inda ake jefo ƙwallo a make ta da kulki, a zagaya zanguna huɗu. Babbar karramawar ɗan wasa a can ita ce a shigar da sunansa Zauren Gwaraza da ke garin Cooperstown, kuma sai ya sami kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta wasanni. Akwai wani Bill Mazeroski, mai tsaron zango na biyu a ƙungiyar Pittsburgh Pirates daga 1956 zuwa 1972. A wajen tare ƙwallo da kashe harin abokan karawa kusan ba shi da na biyu, sau takwas yana karɓar lambar gwanin tsaro. Amma a wajen duka matsakaici ne, ko da yake dukansa guda ne ya ba ƙungiyarsa kambun 1960. Shekara da shekaru marubuta suka ƙi ba shi ƙuri'un da ake bukata, sai a 2001 wani kwamitin dattawan wasan ya shigar da shi. Abin da ya jinkirta shi shi ne abin da malamin lissafinmu ya tambaya: abin da ya ci ana iya ƙidayawa, abin da ya hana a ci kuwa babu mai riƙe da lissafinsa.

To, amma kada in yi wa abokan aikina rashin adalci, domin suna da hujja. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Idan duk wanda ya zo aiki a kan lokaci za a naɗa masa rawani, rawanin ya tashi daga abin alfahari. Kuma ni kaina ban ce Garba ya kai Okocha iya sarrafa ƙwallo ba, ko ya kai Kanu, wanda sau biyu ya zama gwarzon Afirka, a 1996 da 1999. Wanda ya faɗi haka son zuciya ya ja shi, ko kishin yanki, kuma yabon da aka gina a kan "namu ne" cin fuska ne ga wanda ake yabon.

A ganina karramawa iri biyu ce. Akwai ta shekara guda, wadda ake ba wanda ya fi kowa haskawa, wannan ta masu cin ƙwallo ce, ba na jayayya. Akwai kuma ta rayuwar aiki baki ɗaya, ita kuwa tambayoyi biyu take yi: shin mutum ya fi tsararrakinsa a aikin da aka damƙa masa, kuma ya daɗe yana fin su? A nan shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta waɗanda abincinsu ya rataya a kan zaɓen da suka yi. Masu horarwa shida ne suka tafi da Garba manyan gasanni: Bonfrere Jo, Bora Milutinovic, Shu'aibu Amodu, Adegboye Onigbinde, Christian Chukwu da Augustine Eguavoen. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba a kan abubuwa da yawa. Onigbinde ya ajiye Oliseh da Finidi George a 2002, amma bai ajiye Garba ba. A 2006 kuwa, Garba ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba mu tagulla a kan Senegal. Mutum shida masu tsoron kora ba za su haɗu a kan yi wa ɗan wasa alfarma shekara goma ba.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana darajar mai tsaro ba. Wurno kanta ribaɗi ce, a nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna yana gadin iyaka, a nan kuma aka binne shi a 1837. Nasarar mai ribaɗi ita ce a kwana lafiya ba a ji komai ba. Haka a fadamunmu na Magarya, ranar da aka loda buhunan albasa a mota dillali ake gani, shi kuwa yaron da ya sha sanyin hunturu yana ban ruwa, ba a tuna shi sai ranar da ya yi fashi shuka ta yi yaushi.

A ƙarshe dai aka jefa ƙuri'a, sunan Kanu ya yi rinjaye, na kuma sa hannu ba tare da ƙyashi ba, domin ya cancanta. Sai dai hukuncina bai sauya ba: Garba Lawal ya cancanci zama a sahun gwarazan ƙasar nan. Damuwata tana ga yaran. A kowane aji akwai goma da ba za su taɓa cin ƙwallo ba, su ne kuma gobe za su zama malaman asibiti da masu gadi da malaman makaranta. Idan muka nuna musu cewa sai mai zura ƙwallo ake tunawa, kada mu yi mamaki ranar da muka waiwaya muka tarar babu kowa a baya. Allah Ya ba mu ikon auna mutane da adalci.