Amanar kafinta a haɗin teburin yara

Ingancin teburin katako yana mahaɗar ƙafafunsa, inda ido ba ya kaiwa. A Karfi ta ƙasar Malumfashi, teburin da yara ke wasa a kai a tsakar gida yakan sha ruwan damina, hunturu ya busar da shi, katako ya kumbura ya tsuke har ƙusa ta saki. Haɗin da ke jurewa shi ne a huda katako ɗaya, a fere kan ɗayan ya shige daram, a sa gam. Aikin na cin lokaci, shi ya sa wasu ke buga ƙusa su rufe da fenti.

Fiƙihun Malikiyya ya haramta ɓoye aibin kaya, ya ba mai saye damar mayarwa. Yaron da tebur ya karye da shi kuwa ba a yi ciniki da shi ba, don haka alhakin rauninsa na kan kafintan da ya ɓoye aibin.