Gadon Kaka

Karatu: 2 Timoti 1:5

Ɗan'uwa, in ka tuna da kakarka, me kake gani? Wataƙila lambunta na yakuwa da kuɓewa, ko faifan da take saƙawa da yamma. Wataƙila yadda ba ta taɓa tuwo sai an zuba wa doki harawa, an ba kare nasa, jikoki sun ƙoshi.

Yau lambun ya bushe, dokin ya mutu. Abin da Bulus ya tuna wa Timoti game da kakarsa Loyis shi ne bangaskiyarta, wadda ta bi ta wurin Afiniki har ta iske shi. Kai fa, me jikokinka za su gada?

Addu'a: Ya Ubangiji, kada bangaskiyar kakanninmu ta ƙare a kanmu. Amin.